Me ya sa gidauniyar agaji a Ingila take ba maginin tukwane kuɗi?

A Ingila da Wales akwai gidauniyoyi da ke ba masu ginin tukwane da tangaran tallafi, kuɗin da ba bashi ba ne. Kuma wanda ake ba ɗin sau da yawa ba matalauci ba ne: yana da wurin aikinsa, yana da tanderu, yana sayar da kayansa da tsada. To ta yaya kuɗin sadaka, wanda gwamnati ta ɗauke wa haraji, zai shiga hannun mai neman riba?

Amsar tana cikin Dokar Ƙungiyoyin Agaji ta 2011. Sashe na 3 ya jera manufofi 13 da doka ta yarda su ne aikin agaji, daga ciki akwai yaƙi da talauci, da bunƙasa ilimi, da raya fasaha, al'adu da kayan tarihi. Ginin tukwane yana samun shiga ta ƙofar ilimi da ta fasaha. Amma shiga jerin bai isa ba. Sashe na 4 ya ce dole aikin ya zama don amfanin jama'a. Idan wani mutum ɗaya ya ci moriya, to moriyar tasa ta zama abin da ya biyo baya a hanyar cim ma manufar, kada ta zama ita ce manufar.

Kotu ta daɗe da shata wannan iyaka. A 1980 hukumar haraji ta ja da wata ƙungiya a unguwar Clerkenwell ta Landan wadda ke samar wa masu sana'ar hannu wuraren aiki. Alƙali ya ce ƙungiyar ta agaji ce, domin burinta shi ne kada ƙwarewar hannu ta ɓace, ribar da masu sana'ar suka samu kuwa ta biyo baya ne. A 1996 sai aka yanke akasin haka a kan wata hukumar horarwa a garin Oldham, saboda daga cikin manufofinta akwai taimaka wa 'yan kasuwa su bunƙasa kasuwancinsu. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu amintattun kowace gidauniya, wato mutanen da aka ɗora wa alhakin tafiyar da ita, suke takawa.

Ga yadda abin yake a teburinsu. Takardu biyu ne a gabansu. Ta farko daga wata mata ce da ke gwajin haɗa ruwan ƙyalli, wanda ake shafa wa tukunya kafin a gasa ta, da tokar itace: tana tace tokar, tana cuɗa ta da yumɓu da garin dutse gwargwado daban-daban, tana shafa wa 'yan ƙananan fale-fale, tana gasawa a wutar da ta kusa digiri 1,300. Yawanci za su fito a tsage ko a dushe, ba mai saye. Tana neman kuɗin itace da kayan gwaji, ta kuma yi alkawarin buga sakamakon da koya wa ɗalibai. Takarda ta biyu daga wani ne da ke son biyan hayar shago da sayen buhunan yumɓu don ya ninka kofunan da zai kai kasuwar Kirsimeti. Buƙatarsa gaskiya ce, wataƙila ma ya fi matar shiga matsi. Sai dai abin da ya nema jari ne, amintattu kuwa ba su da hurumin ba shi, sai fa in takardar kafa gidauniyar ta ƙunshi agaza wa masu sana'a da suka shiga halin ƙunci. Ni a ganina nan ne ƙa'idar take da ɗan tsauri, don wanda ya iya rubutu yakan riga wanda ya fi iya tukunya.

Shi ya sa tallafin ya fi karkata ga koyo. Gidauniyar QEST, da aka kafa a 1990, tana biya wa masu sana'ar hannu kuɗin ƙarin horo. Adopt a Potter, wadda Lisa Hammond ta assasa a 2009, ta fara ne da ɗaukar nauyin almajirai su zauna a ƙarƙashin gwanaye. Amfanin jama'a a nan ba ya buƙatar dogon bayani, tunda ba a san inda sana'ar da aka koya wa mutum ɗaya za ta tsaya ba. Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, almajirin gwanin magini Bernard Leach ne a garin St Ives na Ingila, shi ne kuma ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Waccan dai kuɗin gwamnati ne ya riƙe ta, ba na gidauniya ba.

Wanda ya samu tallafi yana sa hannu a kan sharuɗɗa. Zai kashe kuɗin a abin da ya faɗa, ya ajiye rasit, ya kai rahoto. In ya karkatar da su ana iya neman ya mayar.

Sai haraji, inda mutane da yawa ke ruɗewa. Yafewar da aka yi wa gidauniya ba ta bin kuɗin zuwa hannun mai karɓa. Tallafin da aka bayar don gudanar da sana'a, hukumar haraji ta HMRC takan lissafa shi cikin kuɗin shigar sana'ar. In na sayen tanderu ne, yakan rage rangwamen harajin da za a samu a kan kayan aikin. Kuɗin karatu ga ɗalibin da ke makaranta cikakken lokaci shi ne doka ta keɓe.

Mai gini a Suleja ko Damagaram zai iya nema? Doka ba ta hana gidauniyar Ingila kashe kuɗi a ƙetare ba, muddin amintattu sun tantance mai karɓa sun kuma bi sawun kuɗin. Abin da ke yanke hukunci shi ne takardar kafa gidauniyar da sharuɗɗan da ta gindaya, kuma da yawansu sun taƙaita ga mazauna Birtaniya. Ana iya duba manufofin kowace gidauniya mai rajista kyauta a shafin intanet na Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Agaji, kafin a ɓata lokaci wajen cike fom.