Biyayya ga Allah a Koyarwar Littafi Mai Tsarki

A Ibrananci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, kalmar "shama" tana nufin ji, tana kuma nufin biyayya. Wanda ya ji umarnin Allah bai aikata ba, kamar bai ji ba ne.

Babu inda aka shimfiɗa batun filla-filla kamar littafin Maimaitawar Shari'a sura 28. Cikin ayoyinta 68, 14 ne kacal suka yi maganar albarkar masu biyayya; sauran 54 duk la'ana ce: fari, annoba, shan kashi a yaƙi, daga ƙarshe kora daga ƙasa. Littattafan Sarakuna da wannan ma'auni suka fassara faɗuwar Samariya a hannun Assuriyawa wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, da rushewar Urushalima a hannun Babila wajen 586.

Abin lura shi ne, sau da yawa laifin ba ƙin umarni ne ƙiri-ƙiri ba, yin rabinsa ne. An umarci Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da dukiyarsu, sai ya bar sarkinsu Agag da dabbobi mafiya kyau, wai za a miƙa su hadaya. Annabi Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya, sarauta kuma ta kuɓuce wa gidansa. Musa ma, da aka ce ya yi wa dutse magana a Meriba cikin jeji domin ruwa ya fito, bugunsa ya yi sau biyu. Ruwa ya fito, amma shi bai shiga ƙasar alkawari ba. Laifin mutum ɗaya kan shafi jama'a: haramtacciyar ganimar da wani Ba'isra'ile mai suna Akan ya ɓoye ta jawo mutuwar mutum wajen 36 a yaƙin garin Ai.

Tuba kan kawo gafara, sai dai ba kullum take share sakamako ba. An gafarta wa Sarki Dawuda zinar da ya yi da Batsheba, matar wani, duk da haka jaririn da ta haifa masa ya mutu. Kuskure ne kuma a ɗauka kowace wahala hukunci ce, domin littafin Ayuba ya rushe wannan zato.

Sabon Alkawari ya ɗora biyayya kan ƙauna, kamar yadda Yesu ya faɗa a Yahaya 14:15. Manzo Bulus kuwa, a Romawa 5:19, ya gwada mutum biyu: rashin biyayyar Adamu ya mai da mutane da yawa masu zunubi, biyayyar Almasihu kuma za ta mai da da yawa masu adalci.