Shirya Manhajar Sabar da Rumbun Bayanai a Karatun Jami'a

Shirya manhajar sabar fanni ne na ilimin kwamfuta da ke koyar da rubuta umarnin da ke aiki a kan kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, wato sabar, ba a kan wayar mai ziyara ba. Idan mutum ya cike fom ya aika, wannan manhajar ce ke karɓar abin da ya rubuta, ta tantance shi, ta ajiye a rumbun bayanai, sannan ta mayar masa da amsa. A Kumasi ana karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka kafa a matsayin kwaleji a 1952 ta zama jami'a a 1961, a Accra kuwa akwai Jami'ar Ghana da ke Legon.

Galibi ana farawa da harshen rubuta manhaja na PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, tare da rumbun MySQL da ya fito a wannan shekarar. Wasu malamai sun fi son harshen Python da Django, wato tarin kayan aikinsa na gina shafi, ko Node.js mai aiki da harshen JavaScript. Ɗalibi kan girka XAMPP, wato kunshin manhajojin sabar, a kwamfutarsa ta zama masa sabar gwaji, abin da ke rage masa kuɗin data.

Wahalar darasin ba a harshen take ba, a tsara rumbun take. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga takardar da Edgar F. Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, inda ake raba bayanai a jadawali daban-daban, a haɗa su da lamba ta musamman, domin kada a rubuta abu ɗaya sau biyu. Wanda ya tsara rajistar makarantar Islamiyya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ya dogara da suna kaɗai, zai gane kurensa ranar da Abubakar uku suka haɗu a aji guda. Bayan haka sai tsaro: ba a ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta, kuma ba a cusa rubutun baƙo kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun umarni da shi, don ta nan ɓarayin bayanai ke shiga. Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora alhakin kiyaye bayanan mutane a kan mai tattara su.

Akwai kuma matsalar da ɗaliban unguwannin zango na Ghana ke cin karo da ita. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, tsarin haruffan da rumbun ke zuwa da shi latin1 ne, wanda ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, haka ma ɛ da ɔ na harshen Twi, sai su koma alamar tambaya. Maganin shi ne a saita jadawalin da hanyar haɗin manhajar duka a kan utf8mb4, tsarin haruffan da ke ɗauke da su, tun kafin a shigar da sunan farko.