Waiwaye: Yadda Fetur Ya Mamaye Gangar Ɗanyen Mai

Ana ta tafka muhawara a duniya kan motoci masu amfani da lantarki da batun rage dogaro da fetur, wasu na cewa lokacinsa ya wuce, wasu na cewa ba a isa ba. Masu jayayyar sukan manta cewa rinjayen da fetur ke da shi a yau, mutane ne suka gina shi a cikin matatun mai, tun fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Tace mai ta hanyar zafi tsohuwar hikima ce. Likitan nan na ƙasar Farisa, Ar-Razi, ya bayyana ta tun wajen ƙarni na 10, kuma bayan Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa ta mai a Pennsylvania ta Amurka a 1859, da ita aka riƙa fitar da kananzir na fitila. A matatun zamani ana dafa ɗanyen mai zuwa digiri 350 na ma'aunin Celsius ko sama da haka, a tura tururinsa cikin doguwar hasumiya mai hawa-hawa wadda ƙasanta ya fi samanta zafi. Kowane sashe sai a ware shi a hawan da ya dace da shi: iskar gas da fetur can sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai mai nauyi da kwalta a ƙasa. A zamanin Drake kuwa fetur shara ne mai haɗari, har zubar da shi ake yi.

Sai motar Ford samfurin Model T ta fito a 1908, kowa ya koma neman abin da ake zubarwa jiya. Nan aka ci karo da cikas, domin hasumiya rabawa kawai take yi, ba ta ƙara komai. Abin da ke cikin ganga shi za ta ba ka, kuma fetur ɗin da ke ciki kaɗan ne.

A ganina, nan ne tarihin ya juya, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A 1913 wani masanin sinadarai, William Burton, ya yi rajistar dabarar fasa mai a Amurka, ya kuma fara aiki da ita a matatar Whiting ta jihar Indiana. Injiniyan Rasha Vladimir Shukhov ya riga shi yin rajistar irinta a 1891, sai dai tasa ba ta yaɗu ba. Burton ya ɗauki mai mai nauyi ya rufe shi a tukunyar ƙarfe, ya gasa shi ƙarƙashin matsi har manyan ƙwayoyinsa suka tsinke suka koma ƙanana irin na fetur. Aikin na da ban tsoro: tukunyar na iya fashewa, baƙin gawayi kuma yana taruwa a gindinta, dole a dakata a kankare. Duk da haka fetur ɗin da ake samu a ganga ya kusan ninkawa.

Daga nan matata ta daina karɓar abin da ganga ta ba ta, ta koma sarrafa shi yadda kasuwa ke so. Wani injiniya, Eugene Houdry, ya inganta dabarar da sinadarin hanzarta aiki a shekarun 1930, aka ci gaba a kan wannan turba. Yau ganga mai lita 159, kusan rabinta fetur ake fitarwa a matatun Amurka. Idan buƙatar fetur ta ragu, man jirgin sama da kwalta da sinadaran roba daga wannan gangar za su ci gaba da fitowa, sai an sake fasalin injunan da aka ƙera domin fetur su koma samar da su.