Waiwaye: Little Brother Montgomery da Kiɗan Fiyanon Sansanin Katako

A farkon ƙarni na 20 dazuzzukan kudancin Amurka cike suke da sansanonin saran itace da na tsaga katako, kuma akasarin leburorin baƙaƙen fata ne. Sansanin yakan yi nisa da gari, don haka ake kafa wa ma'aikata rumfar katako inda za su sha barasa, su yi caca, su yi rawa ranar da aka biya albashi. Irin wannan mashaya ita ake kira barrelhouse. A kusurwarta akan ajiye tsohon fiyano da danshi ya gama lalatawa. Babu lasifika, babu mai ganga. Dole makaɗi ya sa hannun hagu ya riƙe taken rawa da ƙarfi, na dama yana amsawa, har sautin ya rinjayi hayaniyar jama'a.

A cikin wannan duniya aka haifi Eurreal Montgomery a 1906, a Kentwood ta jihar Louisiana, garin da ke rayuwa da katako. Mahaifinsa ma yana da irin wannan mashaya, shi ya sa yaron ya tashi yana sauraron makaɗa masu wucewa, cikinsu har da Jelly Roll Morton. Yana da shekara 11 ya bar gida, ya shiga yawon kiɗa daga sansani zuwa sansani a Louisiana da Mississippi. Sunan ƙuruciyarsa, Little Brother, shi ya bi shi har tsufa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne labarin wani take da ake kira Forty-Fours. Montgomery ya ce shi da wasu abokansa biyu, Dehlco Robert da Long Tall Friday, suka yi ta gyara taken a farkon shekarun 1920. Take ne mai wuya, domin kowane hannu tafiyarsa daban. Montgomery ya koya wa wani makaɗin fiyano, Lee Green, shi kuma Green ya koya wa ɗan'uwansa makaɗi Roosevelt Sykes. Sai ga Sykes ya riga kowa sa shi a faifai a 1929 da sunan "44 Blues", ya yi suna da shi. Montgomery bai samu ya naɗi nasa ba sai 1930, a kamfanin Paramount, da sunan "Vicksburg Blues". A 1954 mawaƙi Howlin' Wolf ya sake fito da taken a Chicago, daga nan mawaƙan Turawa suka ɗauka. Mai sayen faifai sunan da ke jikin faifan kawai yake gani, kuma a ganina an daɗe ana tauye wa Montgomery da abokansa haƙƙinsu a nan.

Gwaninta kam ba a yi masa gardama. A watan Oktoban 1936, a wani otal a New Orleans, ya naɗa wa kamfanin Bluebird waƙoƙi 18 a yini guda. Bai tsaya ga blues, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka da aka san shi da shi, kaɗai ba, yana kaɗa wasu salon irin su jazz da ragtime, har ya jagoranci ƙungiyar makaɗa a birnin Jackson na jihar Mississippi a shekarun 1930. A farkon shekarun 1940 ya tare a Chicago, inda daga baya ya rufa wa matasa irin su Otis Rush da Buddy Guy baya da fiyano a faifansu. A 1960 ya je Ingila.

Lokacin nan sansanonin sun daɗe da mutuwa. An sare dazuzzukan, na'urar kiɗa mai cin kwabo ta kori makaɗa daga mashaya, jama'a kuma sun yi ƙaura zuwa biranen arewa. Da masu bincike suka fara neman tarihin wannan kiɗa, wurin Montgomery suka yi ta zuwa, saboda Allah ya ba shi kaifin tunawa. Yakan lissafa makaɗan da ya sani tun yana yaro, da garuruwansu, sannan ya zauna ya kaɗa yadda kowannensu yake kaɗawa. Da yawa cikin mutanen nan ba su taɓa shiga ɗakin naɗar murya ba. Ta bakinsa da yatsunsa aka san sun taɓa rayuwa.

Ya rasu ranar 6 ga Satumban 1985 a jihar Illinois. Sai a 2013 aka shigar da sunansa cikin zauren karrama gwanayen blues da ke Memphis.