Yaro Zai Shiga Aji Ɗaya: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi a Karkara

Duk shekara, da zarar gero ya fara nuna, damina ta doshi ƙarewa, sai maganar sa yara a firamare ta taso a majalisa da cikin gida, domin a watan Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Ga tambayoyin da iyaye a ƙauyukan Kano da Jigawa suka fi maimaitawa.

Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a kai shi?

Shida. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi shekara 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce waɗannan shekaru 9 kyauta ne a makarantun gwamnati, sannan tilas ne. Idan makarantar garinku tana da ajin share fage na 'yan shekara 5, a fara kai shi can.

Waɗanda suka shiga makaranta zamanin UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wajen 1976, za su tuna yadda hedimasta ke sa yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. Dabara ce ta lokacin da babu takarda, amma takan cuci ɗan tsurut wanda shekarunsa suka kai, ta shigar da dogon da bai isa ba. Famfara ma alama ce, don haƙoran yara sukan fara zuba ne wajen shekara 6. Abin dogaro dai shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A nemo ta, a duba yadda aka rubuta sunan da ranar haihuwar, domin abin da ya shiga rajistar aji ɗaya shi zai bi yaron har jarrabawar ƙarshe ta sakandare.

Ni ban yi boko ba, uwarsa ma haka. Me za mu koya masa?

Abin da ya fi ABCD muhimmanci, kuma kuna da shi a gida. Fara da sunansa. Yara da yawa sun taso ana kiran su Abba, Baffa, Ummi ko Ɗanladi, saboda alkunya ko don sun ci sunan kakanni. Ran farko malam ya buɗe rajista ya kira sunan yanka, yaron yana zaune yana kallon rufi, a rubuta bai zo ba. Ku koya masa sunansa na yanka, da na mahaifinsa, da sunan unguwa, har ya iya faɗi da ƙarfi ba tare da ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin riga ba.

Sai magana. Mun saba yaba yaro mai shiru, muna cewa mai kunya ne, mai ladabi. Ladabi abu ne mai kyau, amma a ajin da malami ɗaya ke fama da yara masu yawan gaske, wanda ba ya buɗe baki ba a sanin yana nan. Dole ya iya cewa "Malam, ban gane ba", "Malam, zan zagaya", "Malam, wane ya karɓe mini fensir". Hanyar koya masa ita ce a riƙa sauraron sa a gida. Inna ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, washegari a ce shi ma ya maimaita wa ƙannensa. Idan ya tsallake wani wuri, a tambaye shi: to daga nan sai aka yi yaya? Yaron da ya iya jero labari daga farko zuwa ƙarshe, kansa ya riga ya saba da bin magana daki-daki, kuma karatu kenan. Kacici-kacici da waƙoƙin dandali su ma suna wasa kunne.

Lissafi kuwa yana nan a turke da rumbu. Akuya nawa suka dawo daga kiwo? Damin gero nawa aka sauke daga amalanke? Ga ƙosai 6, raba wa kanka da yayarka. Ka lura ko yana taɓa abu ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa, ko kuwa rera "ɗaya, biyu, uku" kawai yake yi kamar waƙa. Na farkon ake nema. 'Yan mata masu carafke sukan riga maza gane wannan.

Hannunsa ma yana buƙatar sabo. A bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke, ya ɓare gyaɗa, ya ƙera motar kara, ya gina shanun laka. Yatsun da suka saba da irin wannan ba sa wahala wajen riƙe fensir.

Yana zuwa makarantar allo. Ba zai rikice ba, tunda can daga dama ake rubutu, nan daga hagu?

Zai ɗan haɗa su na 'yan makonni, wataƙila ya fara rubutu daga gefen dama na littafi ko ya juya wasu haruffa. Wannan yana wucewa. A gaskiya ɗan allo yana da riba: ya saba zama gaban malam, ya saba hadda, kuma in ya kai babbaƙu da farfaru ya riga ya san cewa kowane zane a kan allo sauti ne. Abin dubawa shi ne lokaci. A yi magana da alaramma a mayar da shi karatun asuba ko na yamma, kada ya riƙa isa firamare bayan an tashi daga taron safe. Kada kuma a tara masa allo da boko da Islamiyya da kiwo har barci ya gagare shi. Yaro mai wannan shekaru yana buƙatar awa 9 zuwa 12 na barci.

Shin sai ya iya Turanci?

A'a. Yaro ya fi saurin gane yadda harafi ke haɗuwa da harafi a harshen da yake ji, kuma rubutun Hausa yana bin furuci: ba, bi, bu, sai ga "baba". Wanda ya iya karanta Hausa, Turanci zai zo masa da sauƙi fiye da wanda aka cusa wa haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba.

Idan ya ƙi zuwa, yana ta kuka fa?

Sau da yawa mu muka shuka tsoron. Yaro ya yi ɓarna a ce masa "bari a kai ka makaranta malam ya zane ka". Wata da watanni yana jin haka, sannan ran Litinin a yi mamakin ya rungume ƙafar uwarsa. A daina wannan barazanar tun yanzu. Kafin a buɗe makaranta, uba ko yayansa ya bi da shi ta hanyar da zai riƙa bi, ya nuna masa ajin, da wurin shan ruwa, da inda ake zagayawa. A garuruwan bakin kogin Haɗejiya, irin su Auyo da Miga, inda ruwa kan kwanta a hanya a ƙarshen damina, a nuna masa inda ba a bi, a kuma haɗa shi da babban yaro.

Ran farko a raka shi, a gaisa da malamin aji a gabansa, a ce masa "in an tashi Yaya zai taho da kai", a tafi. Kada a sulale a ɓoye, kada kuma a laɓe a taga. Kukan kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Wanda ya wuce makonni yana yi, ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, a bincika: wataƙila wani babba ne ke ƙwace masa kuɗin tara.

Wani ƙaramin abu da kan jawo babbar kunya shi ne tazuge. Yaro ya matsu, ƙulli ya ƙi kwancewa, ya jiƙa wando, 'yan aji su sa masa suna. A ce wa tela ya sa roba a wandon makaranta, a kuma tabbatar ya iya tsarki da buta shi kaɗai.

Me za a saya?

Kayan makaranta, takalmi, littafin rubutu, fensir, da 'yar jaka ko da ta buhu ce. A raba fensir biyu, don zai ɓatar. Idan babu halin ɗinki yanzu, a je a gaya wa hedimasta ko kwamitin gudanar da makaranta. Rashin yunifom bai kai dalilin zaman gida ba.

Ta fannin lafiya fa?

A duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda, domin aji wuri ne na cuɗanya. Satumba da Oktoba lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, don haka ya kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada. A tambayi ma'aikacin lafiya maganin tsutsar ciki. A kuma gwada kiran sa a hankali daga baya, a lura ko yana matse ido in yana kallon nesa, ko kunnensa na fitar da ruwa. Akwai yaran da ake kira daƙiƙai alhali ji ko gani ne ya yi musu ƙaranci, kuma zama a layin gaba kaɗai kan taimaka musu. Kada ya fita da cikin wofi: koko, ɗumame ko kunu, duk wanda ya samu.

Kaka ta zo, aiki ya yi yawa. Ba za a bari sai bayan girbi ba?

Nan ne ake yin asarar da ba a gani. A makonnin farko ake koyar da wasula da baƙaƙen farko, kuma malami mai cikakken aji ba zai koma baya don mutum ɗaya ba. Yaron da ya zo a Nuwamba, bayan an kai dawa gida, zai tarar ana haɗa "ba" da "bi" shi bai san "a" ba. Sai ya koma bayan aji ya yi shiru, a ciyar da shi gaba haka nan, har ya kai aji huɗu bai iya karanta sunansa ba. Aikin da ɗan shekara 6 zai yi a gona, korar tsuntsaye ko tsintar wake, yana iya jira har a tashi makaranta da rana, ga kuma Asabar da Lahadi. Haka yarinya da tallan safe ko ranar kasuwa: in dole ne, a mayar da shi yamma, a bar mata safiyarta.