Waiwaye: Tun Yaushe Aka Fara Sa Wa Taswira Almakashi?

Masu ajiye kundin zane, wato littafin da mutum yake cika shafukansa da fenti da rubutu da manne-manne don adana abin da ke ransa, sun daɗe suna shan suka a kan taswira. Da zarar wani ya nuna shafin da ya yanko tsohuwar taswira ya manna, ya shafa mata farin fenti sama-sama, ya bi wata hanya da jan zare da allura, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su yaba. Wasu kuma, musamman ma'aikatan ɗakunan karatu da masu tara tsofaffin takardu, su ce ɓarna ce, an salwantar da abin da ba zai dawo ba. Ɓangarorin biyu suna magana kamar yayin ya ɓullo ne jiya, tare da Instagram da Pinterest, alhali kuwa maganar tana da dogon asali.

A shekarun 1760 akwai wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, da yake manna taswira a kan katako ya yayyanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don yara su koyi haɗawa. A 1912 masu zane Braque da Picasso suka shigo da manna takarda cikin zane. Kurt Schwitters ya biyo baya da tsofaffin tikiti da tarkacen da ya tsinta a titi, Joseph Cornell ya riƙa shimfiɗa taswirori a cikin ƙananan akwatunansa, a 1957 kuma Guy Debord ya daddatsa taswirar birnin Paris gida 19, ya haɗa guntayen da jajayen kibiyoyi. Duk mai ba da tarihin wannan fasaha nan yake tsayawa. Sai dai waɗannan sunaye suna nuna mana yadda manyan masu zane suka yi ƙarfin hali ne kawai. Ba su gaya mana yadda aka yi taswira ta yi arahar da mutum zai sa mata almakashi ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Amsar wannan tana gidan mai.

Kafin ƙarni na 20, taswira abin daraja ce. Shekaru ɗaruruwa a kan farantin tagulla ake sassaƙa ta, a buga, a sa launi da hannu, kuma sai mai hali ko hukuma ko matuƙin jirgin ruwa ke mallakarta. Buga hoto da dutse, wanda aka ƙirƙiro a 1796, da kuma takardar da ake yi da ɓawon itace daga tsakiyar ƙarni na 19, sun rage tsadar sosai. Amma abin da ya sauya matsayinta a idon mutane shi ne mota. Wajen 1914, a birnin Pittsburgh na Amurka, aka fara raba wa direbobi taswirar hanya kyauta a gidajen mai, da tambarin mai sayar da man a jikinta. Dabarar ta karɓu, kowane kamfani ya ɗauka. An ƙiyasta cewa kafin al'adar ta ja baya, sakamakon ƙarancin mai na 1973, an raba irin waɗannan taswirori kusan biliyan 8.

A duba yadda aka ƙera su. Takardar siririya ce, an yi ta ne don a naɗe a jefa a aljihun mota. Hanyoyi kuma suna sauyawa kullum: a 1926 aka sa wa manyan titunan Amurka lambobi, a 1956 aka fara shimfiɗa sababbin tagwayen hanyoyi tsakanin jihohi, saboda haka taswirar bara ba ta da amfani bana. Masu bugawa ma sukan ɓoye shekarar bugun cikin wasu 'yan haruffa a gefen takarda, don kada direba ya ga ta tsufa ya ƙi karɓa. Wannan takarda ce da tun ranar da aka buga ta an san jefarwa za a yi.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne rubutu. Ma'aikacin gidan mai zai buɗe taswira a kan mota ya ja wa baƙo layi da biro. Wasu kamfanoni har aika wa matafiyi suke yi da taswirar da aka riga aka shata masa hanyarsa da launi. Iyali su dawo daga tafiya, an zagaye garin da aka kwana, an rubuta inda taya ta fashe, an sa kwanan wata a gefe. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan Schwitters ba suka saba da cewa taswira wuri ce da mutum yake sa nasa labarin a kai. Wanda yau yake ɗinka jan zare daga garin haihuwarsa zuwa inda yake zaune, magajin wancan layin biro ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Sauran labarin gajere ne. A watan Mayun 2000 aka daina rage wa farar hula ingancin GPS, wato tsarin tauraron ɗan'adam mai nuna wa mutum inda yake, daga tsakiyar shekarun 2000 taswira ta koma intanet, daga nan ta shiga waya. Abin da ya taru a aljihunan motoci da kwalaye da makarantu ya zama rara, ya kwararo kasuwar tsofaffin kaya a daidai lokacin da kundin zane yake samun masoya. Takardar kuwa ta dace da aikin: tana karɓar gam ba tare da ta yi nauyi ba, launukanta marasa kaifi suna leƙowa ta ƙarƙashin fenti, kuma sunayen garuruwa suna ba shafi ma'ana tun kafin a rubuta komai.

Shi ya sa nake ganin masu sukar suna yi wa taswirori kuɗin goro. Taswirar hanya da aka buga dubu ɗaruruwa, wadda sinadarin da ke cikin takardarta yake cinye ta har ta yi ja tana karyewa a wurin naɗi, ba ita ce abin kuka ba. Asarar gaske ta daɗe tana faruwa a wani wuri, inda 'yan kasuwa ke farke tsofaffin littattafan taswira na ƙarni na 17 da na 18 suna sayar da su shafi-shafi, don kuɗin ya fi na littafin a haɗe. Masu kundin zane ba su ne suka fara wannan ba.

Duk da haka masu sukar suna da gaskiya a wuri guda, kuma ba ƙarama ba ce. A cikin tarin da ake saya a kwali akan sami taswirar ƙaramin gari da aka buga 'yan ɗaruruwa, ko ta ma'aikatan safiyo mai ɗauke da sunayen ƙauyukan da suka tashi ko ruwan dam ya shanye, ko wadda wani ya yi wa rubutun hannu shekaru 70 da suka wuce. Irin wannan, mai yiwuwa ita kaɗai ta rage, kuma mai almakashi ba lallai ya gane ta ba. Hanyar kauce wa hakan a buɗe take. A 2014 ɗakin karatun jama'a na birnin New York ya saki hotunan taswirori sama da 20,000 kyauta ga duk mai so, wasu cibiyoyin ma sun yi haka, kuma kwafin da aka buga da na'urar buga takardu ta leza yana jure gam da ruwa fiye da tsohuwar takarda. Masu kundin zane da yawa sukan ce kwafi ba shi da laushi da ƙamshin ta asali, kuma a kan wannan ne har yanzu ba a daidaita ba.