Tsarin kujeru a jiragen gajeren zango

Tsarin kujeru shi ne yadda kamfanin jiragen sama yake jera wuraren zaman fasinjoji: kujera nawa a kowane sahu, tazarar da ke tsakanin sahu da sahu, da inda ajin farko ya ƙare ajin gama-gari ya fara. Kamfanonin da ke jigila tsakanin garuruwa na kusa kan haɗa jirage iri-iri, masu farfela da masu injin jet, shi ya sa taswirar kujerunsu ba ta zama ɗaya.

Faɗin cikin jirgi ne ke yanke yawan kujerun sahu. Beechcraft 1900D mai kujeru 19 yana da kujera ɗaya a kowane gefen hanya. Saab 340 da Embraer ERJ 145 kuwa ɗaya ce a wannan gefe, biyu a wancan. ATR 72 da Dash 8-400 da dangin CRJ da Embraer E175 duk bibbiyu ne a ajin gama-gari. Ke nan babu kujerar tsakiya, kowa ko dai yana jikin taga ko yana bakin hanya, kuma wannan falala ce da ba kasafai ake yaba wa ƙananan jirage da ita ba. Saboda haka ne wasu kamfanoni ke sa wa kujerun haruffan A, C, D, F, su tsallake B da E waɗanda na kujerun tsakiya ne a manyan jirage. Tazarar sahu a ajin gama-gari yawanci inci 28 zuwa 31 ce.

Jimillar kujerun kuma ba girman jirgi kaɗai ke tsayar da ita ba, doka da yarjejeniya suna da hannu sosai. A ƙa'idar Amurka, jirgi mai kujeru 20 zuwa 50 ma'aikacin kula da fasinjoji ɗaya ya ishe shi, amma da zarar an kai 51 sai an sa biyu. Ba banza ba ERJ 145 da CRJ200 suka tsaya a kan 50 cif. Haka ma lamba 76: yarjejeniyar ƙungiyoyin matuƙa jirgi da manyan kamfanonin Amurka ta hana ƙananan kamfanonin da ke yi musu jigila tashi da jirgin da ya wuce kujeru 76 ko nauyin fam 86,000. E175 zai iya ɗaukar 88, amma a can akan rage shi zuwa 76, sau da yawa 12 a ajin farko, 64 a baya. Misali mafi fitowa fili shi ne CRJ550 da kamfanin United na Amurka ya fara aiki da shi a 2019: gangar jikin CRJ700 ce mai ɗaukar kusan 70, aka sa mata 50 kacal, aka mai da wani ɓangare na ragowar fili wurin ajiye jakunkuna. Yawan ƙofofin gaggawa shi ma iyaka ne, domin kafin a amince da jirgi mai kujeru sama da 44 sai an nuna za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin kawai.

Wurin da ya fi daɗin zama ya danganta da ƙirar jirgin. A ATR ta ƙofar baya ake shiga, ɗakin kaya yana gaba, don haka na baya ne ke riga fita. Ƙara ta fi yawa daidai farfela, a CRJ da ERJ kuwa a baya take, inda injinan suke manne. Idan jirgin bai cika ba, ma'aikata kan nemi wasu fasinjoji su sauya wuri don nauyi ya daidaita, kuma umarni ne da ya kamata a bi ba gardama, tunda a ƙaramin jirgi mutane kaɗan ma suna iya karkatar da nauyin gaba ko baya.